Mai Tsintar Matattun Ƙudan Zuma

Ran kasuwar Dogon Dutsi, shekara biyu da samun mulkin kai, Shatu mai zuma tana zaune tana tsame matattun ƙudan zuma daga ƙwarya tana yarwa, sai ga wani baƙo ya tsuguna gabanta. Dogo ne, ramamme, wuyan rigarsa ta kaki ya sha ɗinki, alli ya cika masa ƙarƙashin farce. Ko ba a faɗa ba, malamin lakkol ne, wato makarantar boko, na wani ƙauye, kuma ƙafafunsa sun nuna tun safe yake taka rairayi.

Ba ya taya zuma. Ƙudan da ta yar yake tsinta, yana juya su da tsinke, yana ajiyar zuciya.

"Mushe, mi kake biɗa cikin shara?" in ji Shatu, don haka ake kiran malaman lakkol da Faransanci.

"Inna, mai rawayan gari a ƙafa nake nema. Littafi guda gare ni, yara sittin, gara kuma ta cinye hoton. Na karanta musu cewa ƙudan nan ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan har wake ya yi 'ya'ya, suka ce ƙaryar Nasara ce. Wasunsu ma har sun koma kiwo."

Duk wuta ta babbake ƙudan wajen ɗiban zuma. Da ƙyar ya sami guda, ya sa a kwalin ashana, ya miƙe gwiwa na ƙara.

Bai ce zai dawo ba. Amma Shatu ta daina yarwa, tana jera su a faifai.