Ɓawon Albasar da Na Yar

Duk ranar da ɗalibaina suka narka dalma a ajin lantarki, ƙaurin nan yakan mayar da ni Mairuwa, gidan kakannina inda na tashi. Kuma wallahi ba daɗi yake kawo mini ba.

Shekarata goma lokacin. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ba ya son fartanya ko kaɗan. Burinsa ya tafi Funtuwa koyon gyaran rediyo, Kaka kuma ya ce shirme ne. Da roƙon ya yi yawa, sai tsohon ya gindaya sharaɗi: in Kawu ya haɗa abin da zai sa rediyon Kaka magana da wutar lantarki, ba batir, kafin ruwan shuka, ya tafi. In ya kasa, gona.

Wata biyu Kawu yana tsince-tsince a kasuwa. Ya samo taransifoma mai rage ƙarfin wuta daga matacciyar rediyo, ya dasa ta cikin akwatin kwano, ya sa abin murɗawa a gaba. In ya murɗa, allurar mitarsa ta awon wuta ta tashi daga uku har sha biyu, ya kira ni in gani, bakinsa har kunne. Ya nuna mini wani baƙin abu mai ƙafa uku da ya ɗaure a bangon akwatin da sukuru ɗaya, ya ce shi ne sarkin aikin, shi ke rage wuta da ƙara ta. Ya yanke cewa ranar Juma'a zai gwada wa Kaka.

Ranar Laraba aka sa ni sharar ɗakinsa. Ni kuwa ga iyayi, ana yabona da tsabta, kai ya kumbura. Na leƙa akwatin, na ga wani farin abu ya tsattsafo ta gefen mai ƙafa ukun, na ce kashin ƙadangare ne. Na kwance sukurun da bakin wuƙa, na goge tas da gefen zanena. Wani siririn abu kamar ɓawon albasa ya faɗo, na haɗa da shara. Na mayar, na ɗaure, har ina jiran godiya.

Da Kawu ya dawo ya kunna, allura ta kwanta. Ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ko motsi. Ya taɓa mai ƙafa ukun, ya janye yatsa, don ya yi zafi jau. Nan take na gane aikina ne.

Kwana biyu yana zaune a tabarma, ga zafin bazara, gumi yana ɗiga kan wayoyi. Ya auna taransifoma, lafiya. Ya bi diyod huɗun da ke daidaita wutar ɗaya bayan ɗaya, lafiya. Ya canja kafasito mai tara wuta, ya sake narka kowane haɗi. Bayan sukurun nan ne kaɗai bai duba ba, don nan ne ya tabbata bai yi kuskure ba. Ni na kai masa fura sau biyu. Sau biyun na buɗe baki, tsoron bulala ya rufe shi.

Juma'a ta zo, rediyo ta yi shiru gaban maza. Kaka bai yi faɗa ba, ya dai ce a fito da iri. Kawu ya tura akwatin ƙarƙashin gado, bai ƙara zancensa ba.

Sai da na shiga kwaleji na san abin da na yar. Farin abin man sanyaya ne, ɓawon kuma shi ke hana bayan mai ƙafa ukun taɓa kwano. Da na cire shi, wutar duka sai ta bi jikin akwatin. Yau yara a waya suke ganin wannan cikin minti ɗaya, Kawu kuwa ba shi da wanda zai tambaya.

Bara na je gaishe shi, na tarar yana ɓarar masara, furfura ta cika gemu. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban iya kallon fuskarsa ba. Na shirya wa zagi, har na so ya zage ni. Sai ya ce a hankali:

"Ke nan haɗin nawa daidai yake?"

Na ce daidai yake, Kawu, ba kuskure ko ɗaya.

Ya ajiye masarar, ya buɗe tafukan hannunsa yana kallo. Ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka kansa ne ba ya ja.