Na Je Ohio In Koya wa Zulai Rijiya

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya daga Morris Heights, unguwarmu da ke Bronx a Amurka, ni da maigidan, a cikin motar da yake kabu-kabu da ita. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta biyo mu har bakin mota da kular wake da shinkafa da yajinta mai baƙin mai, tana cewa in na zama babbar injiniya kada in manta da su. Na yi dariya na ce haba dai, amma a raina na riga na fara tunanin irin gaisuwar da zan riƙa yi musu daga nesa.

Bari in faɗa muku abin da ya tashe mu. Ni dai ilimin haƙar mai na karanta a gida, har na yi aikin sanin makama a yankin da ake haƙo shi. Da na zo ƙasar nan takardun suka shiga ƙasan akwati, na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara tara ke nan ina ɗaga tsohuwa ina kwantarwa. Ita kuwa Zulai 'yar ɗakina ce a jami'a, na girme ta da aji uku, ni na riƙa zaunar da ita ina warware mata lissafi tana kuka. Da ta zo Amurka a falona ta kwana wata bakwai. Yanzu tana gabashin jihar Ohio, wani kamfanin mai ya ɗauke ta tana bin diddigin abin da sababbin rijiyoyinsu ke fitarwa duk wata. Ita ta kira ni ta ce ana neman mutum ɗaya a ofishinsu, ta ba da sunana, in zo ranar Litinin shugabarsu ta gan ni. Na yi mata godiya da baki. Da na ajiye wayar kuwa, wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne, wai yau Zulai ce ke ba da sunana.

Mun haye babbar gadar kogin Hudson gari bai gama wayewa ba. New Jersey ba ta ɗauke mu lokaci ba, amma Pennsylvania jiha ce da ba ta san a gama ba. Ka yi ta tafiya, ka ci abinci, ka yi gyangyaɗi ka farka, allo ya ce maka har yanzu kana cikinta. Hanyar tana da kyau, sai dai ba a tsaida ka a karɓi kuɗinta, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota a aiko maka daga baya. Duk inda muka gifta ƙarƙashin ƙarfen da aka ɗora kyamarar sai maigidan ya yi tsaki ya ce an sake yankar sa. Sau da yawa hanyar takan shige cikin dutse ta fito ta ɗaya gefen, ni kuma ba na son wannan, sai in yi ta salati har mu ga haske.

A wata tashar hutawa muka tsaya. Na tambayi kuɗin burodi da ɗan cuku a tsakiya, da na ji sai na mayar da shi wurinsa a hankali, don da kuɗin za ka ci tuwo da miya da nama a titin 116, inda gidajen abincin mutanenmu suke, har a ba ka ruwa. Muka koma mota muka buɗe kular maƙwabciya. Mai dai ya fi araha a can fiye da Bronx, wannan kaɗai ya ɗan sanyaya ran maigidan. Muka yi sallah a kan ciyawa bayan wurin ajiye manyan motoci, wani direban tirela ya tsaya nesa yana jira mu sallame kafin ya tada injinsa. Na ji daɗin wannan.

Bayan azahar muka ratsa ɗan wani yanki na West Virginia, muka haye kogi, sai ga mu a Ohio. Ƙasa ce ta tuddai da gonaki da shanu masu ƙiba. Mun ma ci karo da mutanen nan da ba sa hawa mota, tsoho da gemu ba gashin baki, yana tafe a keken doki abinsa, tankokin mai na wuce shi.

Da muka tsaya a ƙofar gidan Zulai sai na shiga ƙare masa kallo. Gida ne guda, ba ɗaki a bene na biyar ba. Ga fili a gaba, ga wurin ajiye mota, ga injin wanki a cikin gida, ba sai ta ja buhun kaya zuwa shagon wanki ba. Ta fito da gudu ta rungume ni tana "Yaya! Yaya!" kamar da. Ni kuwa ina rungume da ita idona na kan labulenta. Kafin magariba na gano cewa famfon banɗakinta na ɗiga, miyarta gishiri ya yi kaɗan, kuma garin ko masallaci babu sai ta yi tafiyar kusan awa guda. Na tattara waɗannan na riƙe su da kyau, don su kaɗai na samu. Maigidan kuwa ya ci ya ƙara, yana ta yaba gidan kamar an biya shi.

Ranar Lahadi da hantsi ta ɗauke mu a motarta ta kai mu mu ga rijiya. Ba a shiga sai da izini, don haka daga bakin waya muka tsaya. Na zaci zan ga dogon ƙarfe da hayaniya da mutane cikin hular kwano. Ba komai sai fili da aka share aka zuba tsakuwa, da kawunan rijiyoyi a jere, da tankuna, da bututu, ga masara tana kaɗawa a bayansu. Ta ce man nan a cikin wani dutse mai falle-falle yake, shel suke ce masa, kuma ba ya sakin mai da kansa. Sai an haƙa ƙasa, a karkata a bi dutsen a kwance tafiya mai nisa, sannan a tura ruwa da yashi da ƙarfi a farfasa shi. In an gama wannan aka buɗe rijiyar, daga nan aikinta yake farawa. Kowane wata tana tattara abin da mita ta nuna, mai nawa, gas nawa, ruwa nawa, ta jera wata kusa da wata, ta kwatanta sabuwar rijiya da 'yan'uwanta da suka riga ta. Da abin da ta rubuta ake yanke shawarar inda za a sake haƙawa.

Tana magana ina gyaɗa kai ina cewa "na sani, na sani". Gaskiyar magana rabin abin ban taɓa jin sa ba. Amma yadda take nuna tankunan da ɗan yatsa, da yadda wani mai gadi ya ɗaga mata hannu daga nesa, su suka hana ni saurare.

Bayan la'asar ta ɗauko kwamfutarta ta zauna kusa da ni a falo.

"Yaya, bari in nuna miki chart ɗin rijiyoyin, zanen abin da suke bayarwa, kafin gobe. Akwai abin da nake so ki gani, na nan ba kamar na gida ba ne."

Na ce, "Zulai, ni za ki koya wa rijiya? Lokacin da nake tsaye a kan rijiya ke ko rajistar jami'a ba ki gama ba."

Ta ce, "Haka ne, Yaya." Ta rufe kwamfutar. Maigidan ya dube ni ta saman kofin shayinsa, na kawar da kai. Har da ƙarawa na yi, na ce ta nemi mai gyara ya duba mata famfon nan.

Litinin da safe na saka doguwar rigar da na saya a shagunan Fordham musamman saboda ranar. Ofishin ƙaramin gini ne kusa da wurin sayar da abincin dabbobi. Shugabar tasu wata dattijuwa ce mai furfura da takalmin aiki, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ta ce Zulai ta faɗa mata cewa ni na koya mata lissafi, don haka ba za ta ɓata mini lokaci da ƙananan tambayoyi ba. Ta ajiye takardu biyu a gabana, kowace da zanen abin da sabuwar rijiya ta bayar a watanninta na farko, ta ce in faɗa mata wadda za ta hana ni barci. Zulai na zaune a gefe da littafinta.

Ta farko layinta ya fara can sama, wata na biyu ya faɗo, na uku ya ƙara faɗowa, kamar an turo shi daga tudu. Ta biyu layinta a miƙe yake sambal, abin da ta bayar wannan wata shi ta bayar wancan. Na ji daɗi a raina, na ce ashe abin ma wasan yara ne. A inda na koyi aiki rijiya mai lafiya takan yi shekaru tana ba da abu kusan ɗaya. In kuwa ka ga mai ya ragu haka farat ɗaya, kowa ya san inda ake fara dubawa.

Na gyara zama, na sa yatsa a kan ta farko, na ce da Turancina mafi kyau, wannan rijiyar ana satar manta. Na ce a tura mutane su bi bututun ƙafa da ƙafa, za a tarar an huda shi a wani wuri cikin daji, kuma a binciki masu gadi, don ba a yin irin wannan sai da ɗan gida. Ta biyu kuwa, na ce, lafiyarta ƙalau, a bar ta ta yi aikinta.

Dattijuwar ta yi dariya sosai, don ta zaci wasa nake. Da ta ga fuskata sai ta daina. Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa tsohuwar da nake kula da ita bayanin magani. Ta ce rijiyar shel haka take, da ƙarfinta take fitowa sannan ta yi ta sauka, kafin shekara ta zagayo sau da yawa ko rabin abin da ta fara da shi ba ta bayarwa. Ta farkon tana sauka daidai yadda ake zato, babu abin da ya same ta. Ta biyun ce mai matsala, domin sabuwar rijiya ba ta maimaita lamba ɗaya wata da wata. Mitarta ce ta maƙale, kuma babu wanda ya lura sai Zulai. Ta juya ta yi wa Zulai murmushi. Ita kuwa Zulai kanta na ƙasa, tana ta zana wani abu a littafinta.

An ƙara yi mini wasu tambayoyi, na amsa, amma ni da dattijuwar duk mun san an gama. Ta raka ni har ƙofa ta ce za su neme ni.

A wurin ajiye motoci na shirya abin da zan faɗa. Zan ce garin ma bai yi mini ba, ba masallaci, ba kasuwa. Zulai ta riga ni.

"Yaya, wallahi ni ma satin farko da na zo abin da na ce ke nan. Na ce ana sata. Wata guda suna tsokana ta a office. Shi nake so in nuna miki jiya."

Idonta ya kawo ruwa. Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi, don da na samu abin riƙewa. Ta cusa mana ledar tuffa da zumar da ta saya wurin masu keken doki, ta tsaya a bakin titi har muka sha kwana.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shiga Pennsylvania. Can maigidan ya ce, "To, Injiniya, a tsaya a bi bututun ne ko mu wuce?" Na ce ya kula da tuƙinsa. Ya yi dariyarsa shi kaɗai, daga baya ya miƙo mini tuffa. Muka iso gadar Hudson ana kiran isha a wayarsa, cunkoso ya karɓe mu, ƙarar jirgin ƙasa a sama, warin unguwa da na saba. Maƙwabciya ta leƙo karɓar kularta ta ce yaya, na ce sai abin da Allah ya yi.

Ranar Laraba ina cikin jirgin ƙasa mai lamba huɗu zan tafi aiki saƙonsu ya shigo. Sun gode da zuwana, sun ɗauki wani.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, to na samo nawa. Yanzu na san rijiyar shel, in ka ga tana sauka ka bar ta, wadda ta tsaya cak ita za ka bincika. Ilimin da na yi tafiyar awa takwas na saya da tsada ke nan, alhali an miƙo mini shi kyauta a falo da kofin shayi a gabana. Ba zan yi muku ƙarya in ce hassadar ta fita ba, har yanzu in na tuna injin wankin nan sai na ji wani iri. Amma na daina cewa ƙasar nan ce ta hana ni aikin da na karanta. Shekara tara ina roƙon Allah ya buɗe mini ƙofar nan, ya buɗe, na tsaya a bakinta na ƙi shiga saboda Zulai ce ke riƙe da ita. Gobe ƙarfe shida na safe ina da tsohuwar da zan yi wa wanka.