"Da sauƙi" ta kusa raba ni da Inna

"Inna, ya jiki?" inji matashin likitan.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ni kuwa ina tsaye gefen gadonta. Daga Ɗan Gulbi muka kawo mahaifiyata asibiti a Dakoro, numfashi na yi mata wuya, ko hura ba ta iya haɗiyewa. Shi kuma stajiye ne, ɗalibin likitanci daga yammacin ƙasar, Hausarsa ba ta nuna ba. Da ya ji "sauƙi" sai ya yi murmushi, ya cire mata sirum, ruwan da ake ƙara mata, ya ce mu koma gida.

Ba mu kai bakin ƙofa ba ta sulale a hannuna. Da na ga idonta ya juye, na kira ta da sunanta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Bayan ta farfaɗo likitan ya zo ya durƙusa gaban gadonta.

"Inna, ai ke kika ce da sauƙi."

Ta ce, "Ɗana, gaisuwa ka yi, na amsa. Ko rai na hita haka za mu ce, kar mu yi ma Allah butulci. In ciwo kake nema, ce mani in nuna maka wurin."

Ɗazu na ji likitan yana ce ma wani tsoho, "Baba, nuna mani da hannu."

Inna na murmurewa, amma tsoron bai sake ni ba. Mutum nawa wannan kalma ta maida gida da ciwonsu? Ku faɗa mani, in likita ya tambayi tsoffinku jiki, me suke ce mashi?