Hulunan da Yaya ta ɗinka

Ranar Laraba, bakwai ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Yaya. Nasa ne mu duka, ke dai kin riga mu komawa. Mutane suna cewa ciwon dajin nono ne ajalinki. Ni ƙanwarki, da nake raka ki asibiti, na san ciwon bai yi aikin nan shi kaɗai ba.

Ba zan manta ranar da likita ta yi mana bayani ba. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da umarnin mutuwarta, idan ta tsufa ko ta lalace sai ta mutu da kanta, sabuwa ta maye gurbinta. Na daji su ne suka yi kunnen ƙashi. Maganin da ake ɗura miki ta jijiya aikinsa ya tilasta musu bin umarnin nan. Ta kuma ja kunnenmu: masu saurin ji ne suke fara mutuwa, masu taurin kai sai a ƙarshe, don haka kada a tsaya don an ga sauƙi. Kika yi dariya kika ce ashe har a cikin jiki akwai irin mijinki.

Gashinki ya zube, amma ba ki bar keken ɗinkinki ba. Da ƙyallayen da suka saura kika riƙa ɗinka huluna masu laushi, ɗinkin ta waje don kada ya goge fatar kai, kina raba wa matan ɗakin ƙarin ruwa. Sabuwar zuwa idan ta fara kuka, ke ce mai jan kujera kusa da ita. Akwai wata mai sayar da sabulu da kuka fara magani rana ɗaya, ta ce ta gaji ba za ta dawo ba. Har ƙofar shagonta kika bi ta kika dawo da ita.

Sai ƙullutun da ke nononki ya yi ta raguwa har hannu ya daina jin sa. Nan mijinki, wanda muke kira Masani a bayan idonsa, ya shafa da yatsa biyu ya yanke hukunci. Mutumin da bai taɓa taka ɗakin ƙarin ruwa ba, wai warinsa yana sa shi jiri, shi ne ya zama babban likita. Ya ce kin warke, abin da ya rage guba ne kawai, kuma ya gaji da tambayar maƙwabta me ya sami kan matarsa. Na maimaita masa maganar likita. Ko ɗago ido daga wayarsa bai yi ba, ya ce, "Idan da sauran ciwo, nuna mini shi."

Kin roƙe shi, ya haɗa da rantsuwa cewa in kin koma asibiti, a bakin aurenku. Kin dubi yaranki, kika bar maganin. Da ciwon ya dawo, masu taurin kan ne suka cika jiki, maganin da ya yi aiki a da ya kasa yi musu komai.

Yanzu ga shi a kan tabarma, ya fi kowa shessheƙa, yana gaya wa baƙi cewa magungunan asibiti ne suka cinye ki. Ban taɓa rena mutum kamar yadda na rena shi ba, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Jiya mai sabulun nan ta zo gaisuwa, ta yi ƙiba, da hularki a kanta, gashi ya leƙo ta gefen kunne. Masani ya tambaye ta daga ina ta san ki. Ta ce, "Rana ɗaya muka fara magani. Ita ce ta hana ni tsayawa."

Masani ya zaro wayarsa ya kafa mata ido.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa wahalar da kika sha ta zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da yaranki, da matan ɗakin nan da suke sanye da ɗinkinki. Shi kuma mijinki, Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar tunawa.