Takarda biyu da suka raba Yaya Kiari da matarsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana, Mushe Kiari, kamar yadda ake kiran malamai a wajenmu, kuma har yau in na ga takardar canjin wurin aiki sai raina ya ɓaci.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Gidigir. Matarsa Falmata ungozoma ce, a wani ƙaramin ɗakin shan magani can wajen Alakos. 'Ya'yansu uku kuwa suna Gure wurin innarmu. Gida ɗaya, murhu uku. Sai hutu ya zo suke cin tuwo a kwano guda.

Yaya mayen littattafan tarihi ne. Yakan zaunar da mu ya ba mu labarin baƙaƙen fatar Amirka a ƙarshen ƙarni na sha tara, bayan an 'yanta su: miji yana can yana aikin layin dogo, mata tana wanki a gidan Turawa a wani gari, yara a hannun kaka. Mu muna jin abin kamar tatsuniya. Falmata kaɗai ba ta dariya. Wata rana ya rufe littafin ya ce, "Su dai daga bauta suka fito. Mu kuma fa, wa ya sayar da mu?"

A shekara ta tara da aurensu haƙuri ya ƙare. Ya rubuta takarda a asirce yana roƙon a mayar da shi kusa da matarsa, wai zai ba ta mamaki. Ashe ita ma ta rubuta tata, da irin wannan niyya. Ma'aikatar ilimi da ta lafiya, da ba su taɓa amsa musu komai da wuri ba, sai ga su sun amsa a wata guda. Aka tura shi Alakos, aka kawo ta Gidigir. Mutanen gari suka yi ta dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Shekara huɗu suna neman a gyara, ana ce musu su jira. Zazzaɓi ya kwantar da shi a garin da ta bari, a ɗakin da ta yi shekaru tana jinyar wasu. Kafin motar kasuwa ta iso da ita mun dawo daga maƙabarta.

Yau ana ta yabon waya, wai ta kashe nisa. Da yana raye zai tambaya ko waya tana miƙa wa marar lafiya ruwa. Ina jin haushin masu sa hannu a takardun nan, kuma ba na ɓoyewa.

Littattafansa gara ta ci rabi. Cikin 'ya'yansa uku akwai Yagana, malamar lakwal ita ma, mijinta yana aiki a wani gari, tafiyar kwana guda a mota daga inda take. Watan jiya ta zo da takardarta ta neman canjin wurin aiki tana murna. Falmata ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta ce, "Kira shi tukuna. Ɗaya ya rubuta, ɗaya ya zauna."