Takardar Albashina ta Zariya

Da kamfanin gwajin jini na Doha ya yi mini intabiyu ta waya, tambaya biyu ne suka ɗaure ni har yau. Ta farko, nawa nake karɓa a asibitinmu na Zariya. Ni sarkin gaskiya na faɗa, har da tura musu takardar albashi. Suka ɗora wani abu a kai suka ce shi ne albashina, na yini ina murna kamar sakarya.

Ta biyu, ko ina da 'ya'ya. Ina da ɗaya, 'yar fari, marainiya. A gidanmu ba a nuna 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Bakina ya yi nauyi, na ce, "Akwai wata yarinya, amma tana hannun mahaifiyata." Suka rubuta cewa ba ni da iyali.

Lokacin korona, ina aiki a Doha, aka kawo mana wani Bakatsine, ni na koya masa na'urar da muke aiki da ita. Wata rana a motar aiki ya ce mini matarsa da yaransa sun sauka.

"Yaya, ke yaushe za ki kawo taki?"

Na ce albashina bai kai abin da hukuma ke nema kafin mutum ya ɗauko iyali ba. Ya yi tsammanin wasa nake, ya buɗe mini tasa takardar albashin a waya, na ga ya fi nawa nesa ba kusa ba. Shi ba wanda ya tambaye shi abin da yake karɓa a gida. Mutum nawa yake ciyarwa kawai aka tambaye shi, tunda namiji ne. Raina ya ɓaci.

Na je ofis. Matar da ke kula da ma'aikata ta ce, "A kan abin da kika kawo muka gina. Kalas, magana ta ƙare."

Da gasar kofin duniya ta matso, ko'ina ana neman ma'aikata. Na yi ta sauka a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib ina neman wani aikin, da fayil a hammata, cikin masu tutoci da ganguna. Duk inda na shiga sai a ce in kawo shaidar albashina na yanzu. Takardar Zariya ta riga ni zuwa kowane ofis. In koma gida kuma, wa zai biya makarantar yarinyar?

Ranar wata Juma'a na kira gida ta bidiyo. Yarinyar ce ta ɗauka, ta dube ni, ta ɗaga murya: "Mama, zo ga Antin Doha."

Na ajiye kunya na kira sunanta, karo na farko. Ba ta ji ba, ta riga ta miƙa wa mahaifiyata wayar ta fita wasa.