Hamisu Mai Mazarƙwaila da Masu Jiran Takwara

Duk wanda ya ga Hamisu mai mazarƙwaila yana tafiya a Gazara zai ɗauka ya taɓa karyewa. Yana jan ƙafar hagu, yana karkata kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda. Ƙafar lafiyarta lau. An taɓa kai shi asibiti yana yaro, aka duba, aka murza, aka ce a mayar da shi gida. Mai ɗingishin gaskiya shi ne kawunsa Ja'afaru, wanda doki ya taka tun yana saurayi, a zamanin da doki ke juya injin matse rake. Shi ya ɗauki Hamisu bayan rasuwar mahaifinsa, yaron kuma ya tashi yana bin bayansa zuwa fadama kowace safiya. Tafiyar da ya gani ke nan, ita ya koya.

A hannun Kawu ya koyi gane raken da ya nuna, da tsayuwa a kan kasko ana kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri, da lokacin da ake zubawa a ƙananan kwanoni ya daskare. Ya koyi gyaran murya kafin magana, ko da maganar ba ta wuce "to" ba. Yanzu Hamisu ya haura arba'in, yana da injinsa da rumfarsa a bakin fadama, amma har yau in Kawu ya shigo sai ya sauka daga benci ya zauna a ƙasa.

Mutum na biyu da ya bar tambari a jikinsa shi ne Saminu direba, mai a-kori-kurar da ke kai masa kaya kasuwar Hunkuyi. Sa'ansa ne, mai yawan surutu, kuma shi ya nuna masa Rahama wadda ta zama matarsa. Hamisu ba ya iya magana a gaban mace, saboda haka Saminu ne ya yi yawancin zancen, shi kuwa yana gefe yana gyaran murya. Rahama ta ce an kusa sa rana kafin ta tabbatar wanne ne mai neman. Saminu ba ya tayar da mota sai ya buga jikinta sau biyu da tafin hannu. Hamisu ya ɗauki wannan. Yana buga inji kafin ya kunna, yana buga ƙofa kafin ya fita, an kuma taɓa ganinsa ya buga tabarma kafin ya kwanta.

Sai Barnaba, maƙwabcinsa, Kirista, bakaniken da ke gyara masa inji. Wata rana hannun rigar Hamisu ya shiga tsakanin ƙarafan da ke matse rake, inji ya fara jansa. Barnaba ya kashe injin, ya yanke hannun rigar da wuƙar sare rake, sannan ya tsaya ya zage shi tas. Tun ranar Hamisu bai sake sa riga mai dogon hannu ba, ko da salla.

Matsalar Hamisu ita ce bakinsa ba ya iya godiya gajera. In ka yi masa alheri, sai ya kama hannunka ya ce in Allah ya ba shi ɗa namiji, sunanka zai ci. Ya gaya wa Saminu haka ranar ɗaurin aure. Ya gaya wa Barnaba haka yana tsaye da riga mai hannu ɗaya. Maganar ba ta taɓa zama rigima ba, domin 'ya'ya huɗu Rahama ta haifa a jere, duka mata, tun daga Wasila.

Bara, ana cikin saran rake, ta haifi namiji.

Hamisu ya taho daga fadama da gudu irin nasa, aka miƙa masa jariri, ya yi masa huɗuba a kunne. Sunan da ya fito masa ba tare da wani tunani ba shi ne Ja'afaru. Sai da ya fito zaure ya ga Saminu ya faka mota yana washe baki, sannan ya tuna. Saminu ya rungume shi, ya tambayi lafiyar takwaransa. Hamisu ya yi gyaran murya, ya ce yana lafiya.

Kafin la'asar Saminu ya rubuta "Baban Takwara" da alli a bayan mota, ya kuma shaida wa duk fasinjan da ya ɗauka tsakanin Gazara da Makarfi. Washegari ya sauke rago a ƙofar gidan. Barnaba ya shigo da talotalo a hammata, ya ɗaure shi a gindin turmi, ya ce na takwara ne, ya fita.

Kawu Ja'afaru kuwa ba a taɓa yi masa alkawari ba. Hamisu ya ce shi bai ga yadda mutum zai dubi wanda ya rene shi ya ce zai yi masa takwara ba, kamar wani baƙo. Shi ma Kawu bai taɓa tambaya ba. Amma tun da cikin Rahama ya fito yake kiwon wani rago da dusa da harawa, kowa a gidan kuma ya san dalili. Da labarin rubutun motar ya iske shi, sai ya daina zuwa rumfa. Da Hamisu ya je gaishe shi, ya amsa masa da "lafiya" ɗaya, ya juya ya ci gaba da ba ragonsa ruwa.

Kalma guda za ta kashe maganar, amma ba a faɗin suna kafin ranar suna, kuma Hamisu bai taɓa furta sunan Kawu a gabansa ba tun da aka haife shi. In ya bi Saminu ya gaya masa gaskiya, duk wanda ya shiga motar zai ji. In ya yi shiru, Kawu na can yana ganin ɗan da ya rena ya zaɓi direba a kansa. Hamisu ya auna, ya ga kowace hanya akwai wanda zai rasa, sai ya tare a gonar rake. Daga asuba yake shiga, sai magariba. Masu zuwa barka suna tambayar angon ƙarni, ana ce musu aiki ya yi masa yawa.

Rahama ta san sunan, domin tana kwance aka yi huɗubar. Ana gobe suna ta tsare shi a ƙofar ɗaki, tana shan kunun kanwa.

"Baban Wasila, rake zai raɗa maka sunan ne gobe?"

Ya ce yana tunani ne.

"Ka yi ta yi. Ni dai na haifi ɗaya, ɗayan kuma na san mai shi. Sauran da ka raba a titi, kai za ka haifa musu."

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Saminu ya zo da sabuwar shadda, ya zauna dab da liman. Barnaba ya ɗauko kujerarsa ya zauna a gefe, inda yake ganin fuskar kowa. Kawu ya iso a makare, yana jan ragonsa, domin ya ce ko ba komai ɗan ɗansa ne. Da ya ga ragon Saminu a ɗaure a inda ake yanka, mahauci na wasa wuƙa a kansa, sai ya tsaya. Ya dubi ragon, ya dubi Saminu, ya juya da nasa zai koma.

A daidai lokacin Hamisu ya durƙusa ya raɗa wa liman suna. Aka yi addu'a, aka shafa, mahauci ya yanka ragon da ke gabansa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci sunan Ja'afaru, Allah ya raya.

Kawu ya kai bakin lungu. Ya tsaya cik, igiya a hannu, ragon na jansa gaba shi kuma bai motsa ba. Can ya dawo a hankali, ya zauna a bakin tabarma, ya yi gyaran murya har sau nawa, maganar ba ta fito ba. Hamisu ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Ka bar ni ina fushi da kai a banza," in ji Kawu.

"Kawu, ai ban san ta inda zan fara ba."

Saminu ne ya miƙe. Ya dubi ragonsa da aka fara feɗewa, ya ce shi dai yana son jama'a su yi masa bayani: sunan na wani, ragon nasa, shi kuma shaddar nan wa zai ce ya ɗinka wa? Mutane suka yi ta dariya, shi bai yi ba. Kawu ya tashi ya danƙa masa igiyar nasa ragon, wanda ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, ya ce ya yi haƙuri, Hamisu tun yana ƙarami bakinsa ya fi shi sauri. Saminu ya karɓi igiyar, ya ce ba don ragon ba ne, sannan ya taɓa bayan ragon ya ji kitse.

Barnaba ya shiga ya kwance talotalonsa. Hamisu ya bi shi yana ba da haƙuri.

"Maƙwabci, kai ka ɗauka ina jiran liman ya kira Barnaba?" in ji shi. "Na zo ne in ga ta inda za ka fita. Wannan na Kirsimeti ne, aro na ba ka."

Saminu dai bai huce nan take ba. Kasuwa ta zagayo ya wuce rumfar Hamisu bai tsaya ba, mazarƙwaila ta kwana a buhu. Rahama ce ta aika a kira shi, ta yi masa magana daga bayan labule. Ta ce shi ma ya sani ba wanda zai iya kiran yaron nan da sunan Kawu a gidan, dole a nemi na kira, kuma ta ga ba wanda ya cancanci ya zaɓa sai wanda ya yi zancen aurenta. Saminu ya yi kamar mai nazari, alhali ya riga ya zaɓa. Ya ce a kira shi Direba.

Haka ake kiransa yanzu, har Kawu. Yaron ya fara rarrafe. A kasuwar da ta wuce Saminu ya ɗauki kayan Hamisu zuwa Hunkuyi, ya sa Kawu a gidan gaba, Hamisu kuma a baya, a kan buhuna.